Wayar Hannu Ba Ta San Hazo Ba

'Yan uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, kuma lokaci ya yi da za a tanka mata. Da zarar an ga Bature ya kafa allonsa a bakin kogi, sanyi na kaɗa shi, yana kallon gajimare yana shafa fentin mai, sai ka ji namu ya ce: "Wannan ai aikin wanda ya ƙoshi ne, ga waya a aljihu, ƙyas ɗaya an gama." Wani kuma ya ce ai zane ma haramun ne. Ni dai a ganina duka biyun lalacin ido ne muka sa wa babbar riga.

Mu fara da ta addini, don ita ce mai sauƙi. Maganar malamai a kan zanen abu mai rai take. Bukhari da Muslim duk sun kawo labarin mai zanen da Abdullahi ɗan Abbas ya ba shawarar ya koma zana bishiya da abin da ba shi da rai. To, wanda ya zana hadari ko faɗuwar rana, ina laifinsa?

Sai batun waya. Waya ƙiftawar ido guda take kamawa, sannan na'urar cikinta ta ƙara wa hoton kaifi da launi don ya burge. Shi kuwa mai zane, iskar da ke tsakanin idonsa da abin da yake kallo ita yake aunawa. Dutsen nesa ya fi na kusa koɗewa, launinsa na karkata zuwa shuɗi, gefensa na narkewa cikin sama. Fentin mai ya dace da wannan aiki saboda yakan yi kwanaki bai bushe ba, ana iya saje launi cikin launi har a rasa inda ƙasa ta ƙare, inda sama ta fara. In ya bushe kuma, a ɗakin aiki, sai a bi shi da shafi mai sirara, wani kan wani, har haske ya zama kamar daga cikin ƙyallen yake fitowa.

Wanda ke ganin wasa ne, ya dubi John Constable. A 1821 da 1822 ya riƙa fita Hampstead, a arewacin Landan, yana zana gajimare da fentin mai a kan takarda, yana rubuta kwanan wata da lokaci da inda iska ta dosa a bayanta. Manyan zanensa kuwa a ɗaki ya yi su, har da The Hay Wain da ya jawo masa lambar zinariya a Paris a 1824. A lokacin a mafitsarar alade ake ɗaure fenti, domin sai a 1841 Ba'amurke John Goffe Rand ya ƙirƙiro kwanon matsawa irin na man goge baki. Claude Monet na Faransa ya zo Landan sau uku tsakanin 1899 da 1901, yana zana hazon Kogin Thames daga otal ɗin Savoy, yana ajiye wannan ƙyalle ya ɗauki wancan duk sa'ad da haske ya sauya. A gidansa na Giverny ya kammala su, ya baje 37 a 1904. Wato a fili ake kallo, a ɗaki ake nazari, kuma mai ƙyas ɗaya ba ya yin ko ɗaya daga ciki.

Ga masu cewa sai abin da kimiyya ta sa wa hannu: a 2023 Anna Lea Albright da Peter Huybers sun auna zane kusan 100 na Turner da Monet, suka nuna cewa dusashewar da ke cikinsu tana ƙaruwa daidai da ƙaruwar hayaƙin kwal a biranen nan. Ashe idon mai zane shaida ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu ne 'yan ƙasar hazo. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi ita ke mai da ranar hunturu fara fat, kamar faifai, har ka iya kallonta ido da ido. Mun san jan hadarin farkon damina da ke turo ƙura gabansa. A Zariya ana koyar da zane tun shekarun 1950. Amma shiga falonmu, me za ka gani a bango? Kalandar duwatsun ƙanƙara na wata ƙasa da ba mu taɓa takawa ba. Mai zanenmu kuwa ba mai taya aikinsa, sannan mu ce ba shi da sana'a.

Na san za a ce karatu muka zo yi, ba lokaci, ba kuɗi. National Gallery da Tate Britain dai shiga kyauta ne, kuma wanda ya iya ɓata yini guda a kantunan Titin Oxford ba zai rasa sa'a ɗaya ba. Kowa a garin da yake ya nemi irinsu, ya tsaya gaban zane ɗaya minti goma, ya fito ya ɗaga kai sama. In an je hutu gida, a sayi aikin masu zanenmu kafin a sayi wani agogon. Allah Ya sa mu gane.