A Koya Wa Ɗalibai Aika Saƙo Daga Baƙin Allo

Ran 29 ga Oktoba 1969 wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis ya soma buga kalmar LOGIN zuwa wata kwamfuta a Cibiyar Bincike ta Stanford. Haruffa biyu kaɗai suka isa, L da O, sai na'urar can ta tsaya cik. Wannan shi ne saƙon farko a ARPANET, kakar intanet.

Abin takaici, yau ba wuya a tarar da wanda ya sami takardar shaidar ilmin kwamfuta amma bai taɓa aika ko kalma ɗaya ta wannan hanya ba. Danna hoto kurum ya iya.

Alhali abin ba shi da wuya. Akwai wata 'yar manhaja, Netcat, wadda ta fito a 1995. A baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ɗalibi ɗaya ya buga nc -l 5000, watau na'urarsa ta kasa kunne a ƙofa mai lamba 5000. Abokinsa ya buga nc, ya bi da adireshin waccan na'ura da lambar ƙofar. Shi ke nan, duk abin da wannan ya rubuta sai ya bayyana a allon wancan. In saƙo ya ƙi zuwa, tilas su bincika: adireshi ne ba daidai ba, waya ce ta kwance, ko ƙofar aka toshe?

Akwai darasin da ya fi wannan nauyi, musamman ga ma'aikatan gwamnati masu riƙe da asirin ofis. Saƙon Netcat a fili yake tafiya, kamar wasiƙa ba ambulan, wanda duk ke tsakani yana iya karantawa da tcpdump. Haka Telnet ke kai kalmar sirri. Satar irin waɗannan kalmomi a wata jami'a ta Helsinki ce ta sa Tatu Ylönen ya ƙago SSH a 1995, mai rikita saƙo kafin ya tashi. Ma'aikacin da ya ga kalmar sirrinsa ɓaro-ɓaro a allon wani ba sai an aiko masa da takardar gargaɗi ba.

Masu tsara darussa za su kawo kukan rashin kuɗi. Tsofaffin kwamfutoci biyu da waya guda sun isa, ko intanet ma ba a bukata.