Idan ɗori ya ɓaci, wa za a tambaya?

Yaro ya faɗo daga kan jaki ko daga reshen aduwa, ya tare ƙasa da tafin hannu, ƙashi ya karye sama kaɗan da gwiwar hannu. Wannan ita ce karayar da ta fi yawa a gwiwar hannun yara, kuma ta fi hatsari, domin babbar jijiyar jini tana bi ta gaban wurin. A ƙauyukan Korahane da ke gundumar Dakoro, inda za a fara nufa shi ne gidan mai ɗori. Zai ja, ya daidaita, ya jera kara, ya ɗaure da tsumma. Sau da yawa hannun yakan warke lafiya. Amma idan ɗaurin ya yi tsanani, hannu ya kumbura a ciki bai sami wurin buɗawa ba, jini yakan daina isa ga tsoka, kuma bayan kamar sa'o'i shida ta fara mutuwa. Tun 1881 likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana abin da ke biyo baya: yatsu su ƙanƙance su lanƙwashe har abada. Wani lokaci hannun ya yi baƙi, ya ruɓe, sai yankewa. Simintin asibiti ma yana yin wannan ɓarna idan aka matse shi aka sallami yaro ba tare da gargaɗi ba.

Ra'ayin wannan jarida shi ne iyayen yaron da aka nakasa ta haka suna da haƙƙin neman bahasi da diyya, kuma ma'auni ɗaya ya kamata a ɗora wa mai ɗori da ma'aikacin asibiti. Ba a tambayar kowa don me hannu bai warke ba. Dokar Nijar, wadda ta gaji ta Faransa, ba ta ɗora wa likita alkawarin waraka ba, ta dai wajabta masa kulawa irin wadda sana'arsa ta sani. Tambayar ita ce: da yaro ya kwana yana kuka, yatsunsa suka yi sanyi, suka kumbura, ya kasa motsa su, an kwance ɗaurin? An ce wa iyaye su garzaya asibitin Dakoro, ko an ce musu ai haka ɗori yake, su yi haƙuri? Wanda ya ga waɗannan alamu ya yi shiru, sakaci ya yi, ko da farar riga ko da laya.

Za a ce mana ƙaddara ce, kuma Musulmi ba ya jayayya da ita. Malaman fiƙihu ba su fahimci lamarin haka ba. Ibn Rushd, a Bidayatul Mujtahid, ya kawo cewa likitan da ya yi kuskure ya ɓata gaɓa akwai diyya a kansa, kuma diyyar hannu ɗaya rabin ta rai ce. Waɗanda suka rubuta wannan sun fi mu imani da ƙaddara, amma ba su mai da ita mafakar mai sakaci ba.

Akwai wata hujjar masu ja da ra'ayinmu da ta fi ta ƙaddara nauyi. Ma'aikatan jinya a karkarar Dakoro kaɗan ne, babu na'urar hoton ƙashi a ƙananan gidajen likita, kuma likitan ƙashi sai an kai Maradi, tafiyar fiye da kilomita 100 daga garin Dakoro. Idan aka fara jan ma'aikatan gaban alƙali, in ji masu wannan magana, wa zai yarda a turo shi daji? Tsoron gaskiya ne, amma ma'aunin da muka faɗa ba ya neman majo, wato ma'aikacin jinya, ya yi aikin da ba shi da kayansa. Yana neman ya duba yatsu, ya tallafe hannun ba tare da matsewa ba, ya rubuta takardar turawa gaba. Kuma idan kuskuren na aiki ne a asibitin gwamnati, hukuma ce ke ɗaukar nauyin biya, ba albashin ma'aikaci ba. Su ma iyaye sukan makara, gaskiya ne, sai dai a tuna cewa kulawar kyauta da aka fara a 2006 ta tsaya ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, alhali masu irin wannan karaya galibi sun wuce nan. Uban da ya zaɓi mai ɗori lissafin aljihunsa ya yi, da na hayar mota.

Abin da ke kashe irin wannan ƙara tun kafin a shigar da ita shi ne rashin rubutu. Mai ɗori ba ya rubuta komai. A asibiti kuma, ɗan littafin lafiyar yaro sau da yawa sunan magani kawai ke ciki. Ba ranar faɗuwa, ba lokacin da aka iso, ba yanayin yatsu. Idan hannu ya lalace, kowa sai ya nuna wanda ya riga shi taɓawa, alƙali kuma ba shi da abin kamawa. Rubutun nan zai kare ma'aikacin kirki fiye da kowa, domin shi ne shaidarsa cewa hannun ya zo masa a mace.

Saboda haka muna kira ga hukumar lafiya ta gundumar Dakoro ta wajabta rubuta waɗannan bayanai ga duk yaron da aka kawo da karaya, a kuma karanta wa iyaye alamomin hatsari da Hausa kafin su fita. Hakimai da masu gari, waɗanda dama su ke sasanta rigingimun al'ada, su tara masu ɗorin yankinsu su zauna da majo a kan sharaɗi ɗaya: karayar gwiwar hannun yaro, da duk ɗaurin da yatsu suka yi sanyi a ƙarƙashinsa, a kwance a tura Dakoro a ranar.