Baƙar Mota da Ƙurar Hunturu

Ƙyallin baƙar mota yana fitowa ne daga wani siririn shafi marar launi da ake fesawa a kan fenti, kuma kaurin shafin bai kai na takarda ba. Ƙurar hunturu tana yi masa lahani, domin yashin cikinta ya fi shi tauri, saboda haka mai goge ta da busasshen tsumma yana karce motarsa da hannunsa, kuma baƙin launi ba ya ɓoye karce. Ya kamata a fara kwarara ruwa, sannan a wanke a inuwa da lallausan ƙyalle. Folish kuwa, wato man goge fenti, yana cin shafin kaɗan-kaɗan, don haka bai dace a yawaita shi ba.