Ayarin Babura Ba Filin Sukuwa Ba Ne

Bayan Sallah ko lokacin hutun makarantu, akan ga matasa sun haɗa babura biyar ko shida, sun ɗaure jakunkuna a kariya, sun tashi daga Zariya zuwa Sakkwato ziyarar Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Niyyar kyakkyawa ce, babu mai hankalin da zai kushe ta. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma a hanya ake sanin aboki. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda ake fita babu shugaba.

Tafiyar ta kai kimanin kilomita 400, ta Funtuwa, Tsafe, Gusau da Talata Mafara. Ƙaramin babur irin su Bajaj da Jincheng iska ce ke sanyaya injinsa, ba a ƙera shi don a murɗe shi tun hantsi har la'asar ba hutu ba. Amma da an bar gari sai gasa ta tashi. Mai sabon babur ya yi gaba, mai tsoho ya ji kunyar a ce shi ne kurar baya, sai ya matse, ya ratsa tsakanin tirela da tirela. Wannan kunyar ta fi ramukan hanya haɗari. Wani ma hular kwano ce yake jin kunyar sawa, alhali tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta ta, kuma kai ba shi da sifiya a kasuwa.

Manzon Allah (S) ya umurci mutum uku da suka fita tafiya su naɗa ɗayansu amiri. Matasa sun haddace wannan, amma wa suke naɗawa? Wanda ya fi iya gudu. Kuskuren ke nan. Amirin ayari shi ne wanda zai yarda ya zauna a baya da kayan faci, fulogi da baƙin mai, ya auna tafiya da babur mafi rauni, ya tsayar da kowa idan sarƙar mutum ɗaya ta saki. Shi zai ce a sauka a yi sallah, ga kuma sauƙin ƙasaru da Allah Ya yi wa matafiyi. In ya ce a kwana a Gusau, an kwana, ko da akwai masu gunaguni.

Sannan hanyar yanzu ba ta da ba ce. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tare ta tsakanin Funtuwa da Gusau, kuma a kan babura suke fitowa. A 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina sun taƙaita zirga-zirgar babura saboda haka. Soja ko ɗan sa-kai da ya hango babura shida a jere da magariba, fuskoki a rufe da rawani saboda ƙura, ba zai fara da tambayar ina za su ba. Don haka a tambayi direbobin tasha halin hanya da dokar da ake ciki kafin a tashi, kowa ya riƙe katin shaida da takardun babur, a buɗe fuska tun kafin a isa shinge, kuma kada rana ta faɗi ana daji.

Wanda mahaifiyarsa ta ce kada ya je, ya sauke jakarsa, ba sai an kai maganar gaban amiri ba.