Kiran Ba-Zata: Darasin Da Matasan Dillalanmu Suka Ɗauko Rabi

Ba a yi sadakar arba'in ɗin wani kawuna ba, sai wayata ta yi ƙara ina tsakiyar duba takardun jarrabawa. Wani matashi ne mai ladabin murya. Bai yi mini ta'aziyya ba. Ya ambaci sunana, ya ce ya ji muna da gida a wata unguwa, sannan ya shiga jero tambayoyi kamar mai biya allo: Yaushe kuke shirin sayarwa? Nawa kuke sa rai? Gobe da la'asar ya fi muku, ko jibi da hantsi? Na ce masa gidan gado ne, magada ko zama ba su yi ba. Ya ce ya fahimta, ya sake maimaita tambayar ƙarshe.

Da na tambaye shi inda ya koyi wannan salo, bai ɓoye mini ba. Ya gama digiri, aiki ya gagara, sai ya biya kuɗi ya shiga wani horo ta intanet inda ake fassara musu darussan masu horar da dillalan gidaje na Amurka. Ban ji haushinsa ba. Yaro ne mai neman halaliyarsa, kuma irinsa suna da yawa cikin ɗaliban da muke yayewa kowace shekara. Abin da ya dame ni shi ne an sayar masa da rabin darasi, aka bar shi ya yi ta fama da shi.

Bari mu fara da asalin abin. A Amurka yawancin dillalan gidaje ba su da albashi, la'ada suke ci, wadda aka daɗe ana yanke ta tsakanin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na kuɗin gida, a raba tsakanin dillalin mai sayarwa da na mai saye. Gidan dala 400,000 zai iya fitar da la'adar dala 24,000. Mabuɗin wannan kuɗi takarda ce guda: yarjejeniyar da mai gida yake sa wa hannu, ya ba dillali ɗaya tak ikon tallata gidansa na wani wa'adi, galibi wata uku zuwa shida. Daga nan sai a shigar da gidan rumbun bayanan da dillalan yankin suke tarayya a kai. Ko wa ya kawo mai saye, rabon wanda ya riƙe takardar yana nan. Babbar ƙungiyar dillalan ƙasar, wadda aka kafa a 1908, tana da mambobi wajen miliyan ɗaya da rabi, saboda haka gasar neman wannan sa hannu mai zafi ce.

Wannan gasa ce ta haifi kiran ba-zata, wato buga waya ga wanda bai san ka ba, bai kuma neme ka ba. Mutum iri uku aka fi farauta: wanda wa'adin yarjejeniyarsa ya ƙare gidan bai sayu ba, da wanda ya kafa allon sayarwa da kansa don gudun biyan la'ada, da maƙwabtan gidan da aka sayar kwanan nan. Masu horarwa irin su Mike Ferry, wanda ya shiga wannan harka tun shekarun 1970, da ɗansa Tom Ferry, sun gina sana'a sukutum a kan haka. Suna ba dillali rubutattun kalmomi ya haddace, ya riƙa gwaji da abokin aiki kowace safiya, ya tanadi amsa ga kowane uzuri, ya kuma riƙa ƙirga kira nawa ya yi, mutum nawa suka ɗauka, nawa suka ba shi lokaci.

Abin da ba a gaya wa matashin da ya kira ni ba shi ne yadda Amurkawa da kansu suka ɗaure wannan sana'a da igiyar doka. Tun 1991 suke da dokar kare masu waya daga masu talla. A 2003 aka buɗe rajistar ƙasa inda mutum zai sa lambarsa don kada a kira shi da talla. An hana kiran talla kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare. Wanda aka keta wa haƙƙi yana iya neman diyyar dala 500 a kan kira ɗaya, ta kai 1,500 idan da gangan aka yi. A 2023 kamfanin Keller Williams, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin dillancin ƙasar, ya amince ya biya dala miliyan 40 don sasanta wata ƙara da ta taso daga irin waɗannan kiraye-kiraye. Wanda ya ɗauko dabarar ya bar takunkumin, ya sayi doki ne babu linzami.

Ko da an ajiye batun doka, ƙasar da ake son shuka irin ta bambanta. A garuruwanmu da wuya mai gida ya rubuta wa dillali ɗaya takarda. Gida guda sai ka same shi a bakin dillalai biyar, kowa ya ɗora nasa a kan farashin, har mai saye ya rasa na gaskiya. Dillali zai yi wata biyu yana ƙona mai yana kai mutane gani, ranar ciniki a zagaye shi. Sannan ga batun takardu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma sauya hannun fili mai takardar shaidar mallaka yana buƙatar amincewarsa, alhali gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni ba su da komai sai takardar ciniki da shaidar mai unguwa. Gidan gado kuwa ba shi da mai magana ɗaya. Wanda ka samu a waya wataƙila ɗaya ne cikin magada goma sha biyu, cikinsu har da marayu. In ka matsa masa ya yi maka alƙawari, ka kunna wutar da za ta ƙare a gaban alƙali.

Bayan haka, Bahaushe ba ya miƙa gidansa ga murya. Yana miƙa shi ga fuskar da ya sani, wadda suke haɗuwa a masallaci ko majalisa, ko wadda wani dattijo ya tsaya mata. Zuwa da kai ya fi aike. Tambayar nan ta gobe ko jibi, wadda aka ƙera don toshe wa mutum ƙofar cewa a'a, a kunnen dattijon gida rashin kunya ce kawai.

Duk da haka, kuskure ne a yi watsi da darasin gaba ɗaya, don akwai abin da tsofaffin dillalanmu suka rasa a cikinsa. Na farko, tsari: a ware sa'o'i sanannu kowace rana don neman sababbin mutane, maimakon zaman benci ana jiran rabo. Na biyu, rubutu: a buɗe littafi, a rubuta wa aka yi magana da shi, me ya ce, yaushe ya ce a dawo, kuma a dawo a ranar. Na uku, sanin kasuwa: dillalin ƙwarai a can yana zuwa wa mai gida da farashin gidajen da aka sayar kusa da shi, ya kafa hujja da su. Na huɗu, kuma mafi girma, rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace la'ada, da wa'adi, da wanda zai biya. Wannan shi ne ainihin abin da ya kamata a aro, kuma ya dace da abin da malaman fiƙihu suka shimfiɗa: dillanci halal ne matuƙar ladan sananne ne, babu yaudara. Sun haramta najashu, wato ƙara farashi ba da niyyar saye ba don a ruɗi wani. Dillalin da ya ce yana da mai saye a hannu alhali ba shi da kowa, ƙarya ya yi, ko da a wane harshe aka koya masa ita.

Matasanmu su kuma sani cewa nan ma ba daji ba ne. Tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito da lambar 2442 don tare saƙonnin talla, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum ikon hana a yi amfani da bayanansa wajen yi masa talla. Wanda ya sayi jerin lambobin mutane ya hau kira, ya tambayi kansa inda aka samo su.

Kafin mu yi sallama na ba matashin shawara. In zai kira, ya fara da gaisuwa, ya faɗi sunansa da wanda ya ba shi lambar, ya nemi izinin magana, in an ce a'a ya yi godiya ya goge lambar. In ya ji an yi rashi a gida, ya je ya yi ta'aziyya ya tashi, kada ya ambaci ciniki. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, Allah ya jiƙan kawu.” Na amsa, na kuma adana lambarsa. Ranar da magada suka zauna, zan ambace shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.