Masu Tauna Haƙora Cikin Barci

Jama'a, a masaukina na Agege akwai wani ɗan dako da ya ke tauna haƙoransa cikin barci, ƙaras-ƙaras, har asuba. Abokan kwanansa sun ce aljannu ne, wasu sun ce tsutsar ciki. Ni ban yarda ba. Wanda ya wuni cikin cunkoson Ikko, tunanin kuɗin haya ya hana shi sakat, ya bi da goro da sigari bayan lisha, ina muƙamuƙinsa zai huta? Da safe ga ciwon kai, haƙora kuwa sai zaizayewa.

A rage goron dare. In abin ya ƙi, a nufi Asibitin Koyarwa na Idi-Araba, likitan haƙori ya auna masa robar da zai riƙa sawa a baki lokacin kwanciya.