MerCruiser, Volvo Penta Ko Yamaha? Ka Nemi Bakanike Kafin Ka Sayi Jirgin Ruwa Na Hannu

Kwanakin baya wani abokina da ke zaune a Legas ya turo mini hotuna ta WhatsApp. Jirgin ruwa ne na gudu, fari fes, kujerunsa kamar ba a taɓa zama a kansu ba, wani ya sa shi kasuwa a Facebook Marketplace can Amurka. Kuɗin da aka yi masa bai kai na mota 'yar Kwatano ba. Niyyar abokina ya haɗa kuɗi da ɗan'uwansa su shigo da shi, su riƙa ɗaukar masu yawon shaƙatawa a ƙarshen mako. Ya ce ya kwana yana kallon musu a YouTube kan wane inji ya fi, MerCruiser ko Volvo Penta, yana son jin ta bakina. Da na zuƙo hoton bayan jirgin sai na ga ba ko ɗaya ba ne a cikinsu. OMC Cobra aka rubuta. Nan take na ce masa ya riƙe kuɗinsa.

Ra'ayina a taƙaice, mai karatu, shi ne: a jirgin ruwa na hannu, injin da ya fi shi ne wanda akwai bakaniken da ya san shi kusa da kai, kuma kayan gyaransa ke samuwa ba sai an yi wata guda ana jira ba. Sunan kamfani yana zuwa ne bayan wannan. Mu da muka saba sayen waya ta hannu a Farm Center mun san darasin nan, domin waya komai kyanta, in ba a samun sikirin ɗinta a kasuwa, ranar da ta faɗi ƙasa ta gama aiki. Sai dai waya in ta mutu aljihu kawai za ka mayar da ita, inji kuwa in ya mutu a tsakiyar kogi da fasinja goma a ciki, rayuka ne a hannunka.

Inji iri biyu ne

Akwai injin ratayawa, wanda ake rataya shi ɗungurungum a bayan jirgi. Shi ne muke gani a kan kwale-kwale a Yawuri, Lakwaja da gaɓar Tafkin Chadi. Inji da giya da farfela duk a jiki ɗaya suke, in ya lalace a kwance shi a ɗora a mota a kai wa mai gyara.

Na biyu shi ne injin ciki mai ƙafa, wanda a tallace-tallacen Amurka za ka ga an rubuta masa I/O. Shi injin yana zaune ne a cikin jirgi kamar na mota, sai a huda bangon baya a fito da wata ƙafar ƙarfe mai ɗauke da giya da farfela, wadda ke juyawa dama da hagu ta tuƙa jirgin. Kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ne ya fito da wannan tsari kasuwa a 1959 da sunan Aquamatic, sai kamfanin Mercury na Amurka ya biyo baya da MerCruiser a 1961. Yawancin jiragen shaƙatawa masu araha da ake gani a intanet, na shekarun 1990 da 2000, irin wannan ne. Kuma a kan wannan ƙafar ake yawan asarar kuɗi.

MerCruiser da Volvo Penta

Abin da masu musu a YouTube ba su cika faɗa ba shi ne, shekara da shekaru kamfanonin nan biyu wurin General Motors suke sayen gangar injinsu na fetur: mai lita 3.0 silinda huɗu, mai lita 4.3 silinda shida, da masu lita 5.0 da 5.7 silinda takwas. Su kawai sukan ƙara masa kayan ruwa su shafa fentinsu, MerCruiser baƙi, na Volvo galibi ja. Sai a 2014 Mercury ya fara fitar da injinsa mai lita 4.5 da ya ƙera da kansa. Ke nan a tsohon jirgi, fistin da silinda kusan duk ɗaya ne. Bambancin yana ƙafa.

Ƙafar MerCruiser da ta fi yawa ita ce Alpha One, wadda aka yi domin injin da bai wuce ƙarfin doki 300 ba. In ka sa giya za ka ji ta ce ƙwas, haka aka yi ta, haƙori ne ke shiga haƙori. Famfon da ke jawo ruwan sanyaya inji yana can cikin ƙafar, don haka canza robarsa sai an kwance rabin ƙafar na ƙasa. Babbar falalarta yawa. An ƙera ta da yawan gaske, kamfanoni irin su Sierra suna yi mata kayan gyara, har cikakkiyar ƙafa wadda ba ta Mercury ba ana samu. Manyan injuna kuwa ƙafar Bravo ake sa musu, ita ta fi ƙarfi, famfonta yana jikin inji, kuɗinta kuma ya fi.

Ƙafar Volvo Penta, kamar SX da Duoprop mai farfela biyu masu juyawa saɓanin juna, wadda ta fito a 1982, ta fi laushin shiga giya, kuma famfon ruwanta yana gaban inji inda hannu ke kaiwa cikin sauƙi. In don ƙira ce kawai, ni Volvo zan ba maki. Amma kayanta sun fi tsada, masu sayar da su kuma ba su kai na MerCruiser yawa ba. Ga wanda zai yi odar kowane ɗan ƙarfe da dala, ya biya kuɗin jirgi da na kwastan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka in aka ajiye mini jirage biyu masu lafiya iri ɗaya, MerCruiser mai Alpha One zan ɗauka. In kuwa na Volvo ne ke da takardun sabis, na MerCruiser ba shi da ko rasit, to na Volvo zan bi, domin yadda aka kula da inji ya fi sunansa nauyi.

Marayun injuna

Yanzu mu koma kan jirgin abokina. OMC babban kamfani ne a zamaninsa, shi ke da injunan Johnson da Evinrude, kuma ya fito da ƙafar Cobra a tsakiyar shekarun 1980. A watan Disamba na 2000 kamfanin ya durƙushe. Bombardier na Kanada ya sayi Johnson da Evinrude a 2001, amma ƙafar Cobra ta riga ta zama marainiya. Shi ma Evinrude an daina ƙera shi a watan Mayu na 2020. Ƙananan kaya irin su roba da gaskit ana samunsu har yanzu a intanet, sai dai in babban giya ya karye ko gidan ƙafar ya tsage, sai ka koma neman gawar wani jirgin ka ciro.

Wanda ya taɓa riƙe BlackBerry har zuwa Janairun 2022, lokacin da kamfanin ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa, ko wanda ya sayi Lumia gab da Microsoft ya yi watsi da Windows Phone, ya san yadda abin yake. Arahar da ta ja hankalin abokina dalili gare ta: can Amurka ma masu saye gudun jirgin suke yi. Araha ba ta ado.

Ruwanmu ya fi son injin ratayawa

Ko da MerCruiser mai lafiya aka samu, ni shawarata ga mai shirin aiki a ruwan Nijeriya ko Nijar ita ce ya nemi jirgi mai injin ratayawa, kuma Yamaha ya fara dubawa. Dalilina na farko masu gyara ne. Samfurin Enduro, mai ƙarfin doki 15, 40 ko 75, shi masunta da masu fito suka daɗe suna amfani da shi a Afirka ta Yamma, don haka a yawancin mashigai za ka samu wanda ya san cikinsa da wajensa. Suzuki, Mercury, Tohatsu da Honda duk injuna ne masu kyau, amma ka je bakin ruwan da za ka yi aiki ka tambaya wanne ake iya gyarawa a nan kafin ka biya.

Dalili na biyu ruwan ne da kansa. Kogin Neja da Binuwai da rani sukan janye su bar tudun yashi, ga kainuwa da ragar masunta da leda. Yashi yana cinye robar famfo, ciyawa tana naɗe farfela. Injin ratayawa za ka ɗaga shi sama gaba ɗaya ka cire abin da ya naɗe. Ƙafar injin ciki ba ta fita daga ruwa duka, a Legas kuwa ruwan gishiri ne zai yi ta cin ta dare da rana. Sannan akwai robar nan mai lanƙwasa kamar zugazugi da ke rufe mahaɗar ƙafa da jikin jirgi. Tana ƙasan ruwa, kuma in ta tsufa ta tsage, jirgi na iya cika da ruwa ya nutse a inda aka ɗaure shi. Injin ratayawa ba shi da wannan ƙofar.

Masu son injin ciki suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Jirginsu ya fi araha a kasuwar na hannu, bayansa fili ne a buɗe wanda masu shaƙatawa ke so, kuma tsohon Enduro, da ake gauraya masa fetur da baƙin mai, yana shan mai yana hayaƙi fiye da inji mai tsarin na mota. Sukan kuma ce ai injin mota ne, kowane bakanike zai iya. A nan ne na fi jin tsoro. Kik da alteneta da famfon mai na jirgi an yi su ne a rufe don kada tartsatsi ya fito, saboda tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasan jirgi ba ya da hanyar fita. Shi ya sa ake kunna fankar fitar da iska na minti huɗu kafin a tayar da inji. Bakaniken da ya je Ladipo ko Ƙofar Ruwa ya sayo kik ɗin mota ya ɗaura don ya yi daidai da ramin, bam ya ɗaura maka.

Wayarka ita ce kayan bincike

Cinikin biri a sama ba naka ba ne, amma in nisa ya hana ka zuwa, ka sa wayarka ta yi aiki. Hotunan talla ba su isa ba, ka nemi kiran bidiyo kai tsaye.

Ka fara da lambar jirgi. Tun 1972 jiragen Amurka suna ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a bangon baya ta hannun dama, kuma a waɗanda aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau, alƙaluma biyu na ƙarshe su ne shekarar samfurin. Ka karɓi lambar inji da ta ƙafa, ka sa su a shafukan masu sayar da kayan gyara ka ga ko akwai kayansu da nawa suke.

Ka ce ya taɓa injin da hannu ka tabbatar a sanyaye yake kafin ya tayar. In ka ga ya tayar da shi a tudu ba tare da ya haɗa masa tiyon ruwa ba, to a gabanka ya ƙona robar famfo. A injin ratayawa, ka duba siririn ruwan da yake fesowa ta baya, in babu shi injin ba ya sanyaya.

Ka ce ya ɗan kwance mashigar man giya ta ƙasa. In man ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Haka sandar awon baƙin mai. Wannan yana da muhimmanci ga jirgin da ya fito daga jihohi masu sanyi ko Kanada, domin in ba a zubar da ruwan cikin inji ba kafin hunturu, ƙanƙara takan fasa gangar injin.

Ka ce ya juya ƙafar gefe ya haska robar zugazugin da tocila, ya kuma tsaya a kan ƙafar ya ɗan girgiza. In bangon baya yana lanƙwasawa, katakon ciki ya ruɓe, gyaransa na iya fin kuɗin jirgin. Ka tambayi yaushe aka canza ƙarafan salansa in jirgin ruwan gishiri ya yi, domin ta ciki suke tsatsa su zuba ruwa cikin silinda.

Injunan zamani suna da kwamfuta mai riƙe awannin aiki da tarihin matsaloli. Mercury ya fitar da wata 'yar na'ura, VesselView Mobile, da ke turo bayanan injin zuwa waya ta Bluetooth, dillalan Yamaha kuma suna da manhajar da ke karanta nasu. Agogon awa na kan dashbod ana iya canza shi, don haka na kwamfuta za ka nema. A ƙarshe, ka biya bakanike mai zaman kansa ya auna matsin kowace silinda, ya kuma fita da jirgin kan ruwa ya taka shi. Inji na iya yin ƙara mai daɗi a tudu ya kasa ɗaukar kaya a ruwa.

Abokina bai ji daɗin maganata ba a ranar, don ya riga ya zaɓa wa jirgin suna. Na ce masa ya je bakin ruwa ya yi wuni guda wurin masu gyara, ya ga injin da ke kan teburinsu da kayan da ke rataye a shagunansu, sannan ya dawo intanet ya nemi jirgin da ya dace da abin da ya gani. Kuma duk abin da zai saya, ya ware kuɗin rigunan ceto na kowace kujera tun kafin ya yi maganar fenti da sifika.

In kana aiki a ruwa ko kana gyaran waɗannan injuna, ka faɗa mana a ƙasa wanne ya fi sauƙin samun kaya a garinku.